Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ƙungiyoyin taimakon al'umma na Jos: littafin rubutu ya isa haka, ku zagaya bayan azuzuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugabanni da mambobin ƙungiyoyin ci gaban unguwa, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, kulob-kulob na 'yan kasuwa da na matasa, da ƙungiyoyin mata masu kula da marayu a garin nan namu, tun daga Gangare, Anguwan Rogo, Rikkos, Dilimi, Nasarawa har zuwa Bukuru. Iyayena alhazai Allah ya ƙara girma, hajiyoyi Allah ya bar zumunci, yayyena da ƙannena sannunku da ƙoƙari.

Ni malama ce a ɗaya daga cikin firamaren gwamnati, wato na LEA, a nan Jos ta Arewa. Ba zan faɗi sunan makarantar ba don maganar ba ta makaranta ɗaya ba ce, duk malamin da ya karanta zai ɗauka tasu nake nufi. Kuma tun farko bari in ce mun gode, wallahi mun gode. Kuɗin da kuke haɗawa daga aljihunku ne, ba wanda ya tilasta muku, kuma a wannan yanayi da ake ciki tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk wanda ya iya cire wani abu ya ba ɗan da ba shi ya haifa ba to ya yi ƙoƙari. Abin da zan faɗa gyara ne, gyara kayanka kuma bai zama sauke mu raba ba.

Yadda abin yake tafiya kusan ko'ina iri ɗaya ne. Farkon zangon karatu sai a aiko wa hedimasta cewa ranar kaza ƙungiya za ta zo, a tara yara a fili cikin rana, a kafa rumfa a jera kujerun roba, a yi jawabi, shugaba ya yi, sakatare ya yi, uban ƙungiya ya yi, sannan a raba littafin rubutu da biro da fensir, wani lokaci har da jaka, a ɗauki hoto a tafi. Kafin la'asar hotunan sun cika Facebook ana ta Allah ya saka da alheri. Littafin nan kafin tsakiyar zango ya cika ko ya yage, mu kuma ba za mu sake ganinku ba sai baɗi war haka. Ba na raina littafi, akwai yaron da in ba ku ba shi ba a bayan takardar kalanda zai yi rubutu. Amma a duk shekarun da na yi ina koyarwa ban ga yaron da ya daina zuwa makaranta saboda littafin rubutu ba. Abubuwan da suke korar yara daga aji daban ne, kuma ba su da kyan hoto, shi ya sa ba mai taɓa su.

Dan Allah in kun sake zuwa, kafin a fara jawabi, ku ce wa hedimasta ya kai ku banɗakin ɗalibai. Na ɗalibai fa, ba na malamai da ake kullewa da kwaɗo ba. Za ku tarar ko dai babu shi gaba ɗaya, ko ramin ya cika tun tuni, ko ƙofar ta ɓalle an jingine ta, ko kuma mutanen unguwa sun mayar da shi nasu da dare tunda makarantar ba katanga. Yara maza ƙanana su ba ruwansu, bayan aji ya ishe su. Amma yarinya 'yar aji biyar ko shida, ko ta ƙaramar sakandare, wadda ta fara girma, ina za ta je? Sai ta ƙi shan ruwa tun safe don kada fitsari ya matse ta, in kuma ya matse ta sai ta ɗauki izini ta tafi gida, in ta tafi ba ta dawowa ranar. In al'adarta ta zo kuwa to kwanakin nan gaba ɗaya a gida za ta yi su, kowane wata haka, kuma ba za ta faɗa wa kowa dalili ba, a rajista dai za ka ga ba ta zo ba. A hankali karatu ya wuce ta, ta fara jin kunyar aji, uwarta kuma ta ga ai gara ta ɗora mata tallan awara ko gyaɗa tunda dama zaman gidan take yi. Daga nan sai maganar aure. Mu malamai mata muna ganin wannan hanyar tun daga farkonta har ƙarshe, mun san sunayensu, mun san gidajensu.

Akwai wata ƙungiyar 'yan kasuwa, ba manya ba ne sosai, masu shaguna ne kawai da suka yi firamare tare, su ne suka nuna min cewa abin mai yiwuwa ne. Ba su yi taro ba, mutum uku suka turo suka zauna da mu a ofishin hedimasta suka ce me ya fi damunku. Muka ce banɗaki. Suka kawo masu kwashe masai aka kwashe ramin, aka sa ƙofofin ƙarfe masu sakata ta ciki, aka ware ɓangaren mata daban da na maza, aka ajiye durom na ruwa da butoci. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su tsaya nan ba, sun samo wata dattijuwa a unguwar suna biyanta duk wata tana wankewa safe da rana, mabuɗi yana hannunta, kuma suka ba ɗaya daga cikin malamai mata kwalin audugar mata da sabulu da zannuwa guda biyu ta ajiye a kabad ɗinta, duk yarinyar da abu ya same ta sai ta je ta raɗa mata a kunne, ba mai ji ba mai gani. Wannan albashin dattijuwar shi ne asalin aikin, don banɗakin da aka gina aka yanka ƙyalle aka tafi ba tare da mai kula ba, wata biyu ya yi yawa ya koma gidan jiya. Hajiyoyi, wannan ɓangaren naku ne, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, alhazai za su ba da kuɗi amma ba za su iya zama da yaran nan su yi musu bayani ba.

Ruwa kuma, na san kowa bohol yake so ya yi don shi ne ake rubuta sunan ƙungiya a jikin tanki. To amma kun san ƙasar Jos, dutse ne, akwai wurin da za a haƙa a kashe kuɗi a tashi ba ruwa, in an samu kuma ranar da famfon ya lalace ko aka sace sola ba wanda ya san wa zai gyara. Garin da Allah ya ba ruwan sama tun daga wajen Afrilu har Oktoba, indararo a jikin kwanon aji da babban tanki zai ɗauki makaranta rabin shekara, da rani kuma a yi yarjejeniya da mai ruwa ya riƙa kawo kura ana biyansa. In za ku yi bohol ɗin ku yi, amma ku ware kuɗin gyaransa tun ranar da kuka ware na haƙa.

Sai maganar ido. Akwai wani yaro da na koyar a aji uku, dogo ne don haka kullum a baya ake zaunar da shi, ba ya kwafar komai daga allo sai dai ya leƙa littafin na kusa da shi, in na kusa ya yi kuskure shi ma ya yi. An buge shi, an kira shi daƙiƙi, babansa ma ya fara cewa gara ya kai shi gareji. Ranar da wata nas da ke cikin wata ƙungiyar mata ta zo da takardar gwajin ido, irin mai harafin E ɗin nan da yake juyawa sama da ƙasa, ta manna a bango ta auna mita shida ta ce kowa ya rufe ido ɗaya ya nuna da yatsa inda harafin ya kalla, yaron nan layi na biyu ma bai iya gani ba, sai murtsuke ido yake yana matsowa gaba. Gilashi kawai yake buƙata. Da aka yi masa, ranar farko zama ya yi yana kallon allo yana murmushi shi kaɗai, ya ce min Malama ashe har daga nan ana ganin rubutun. Gwajin nan ba ya cin komai, takarda ce da igiyar awo, malamai ma za a iya koya musu cikin awa ɗaya, sai waɗanda aka ga suna da matsala a kai su asibitin ido. Ƙungiyar Lions a duniya da aikin ido aka san ta, kamar yadda aka san Rotary da yaƙi da shan inna tun 1985, har aka kai ga tabbatar da cewa Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna a watan Agustan 2020. Abin da ya sa na kawo su shi ne abu ɗaya suka kama suka riƙe shekara da shekaru, ba su yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan ba. Ku ma a cikinku akwai likitoci da nas-nas da masu kemis, wasunku a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, suke aiki, me zai hana rana ɗaya a zango a duba ido da kunne da haƙori da makero a kan yara?

Haka tsutsar ciki da tsargiya. Yaranmu suna wanka a kududdufan da aka bari tun zamanin haƙar kuza, ban da haɗarin nutsewa da muke ji kusan duk damina, akwai fitsarin jini da yaro zai ɓoye don kunya ko ya ɗauka alamar girma ce. Maganin nan ana raba shi kyauta ta hannun ma'aikatar lafiya, Cibiyar Carter ma da take wannan aikin ofishinta na nan Jos, amma sau da yawa iyaye ne suke hana yara sha saboda jita-jita. Nan ne bakinku ya fi namu tasiri. In malama ta ce a sha za a ce aikin gwamnati take yi, in Alhaji na layinmu da liman suka tsaya aka fara ba 'ya'yansu a gaban kowa to magana ta ƙare.

Yunwa kam ban san ta inda zan fara ba. Shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, da naira 70 kan kowane yaro kafin a mayar da shi 100, duk da ƙorafin da ake yi a kansa ya cika mana azuzuwa a lokacin, da ya tsaya kuma mun ga bambanci da idonmu. Ban ce ku ciyar da makaranta gaba ɗaya ba, ba za ku iya ba, kuma in kun fara kuka daina ya fi muni. Amma kowace malama ta san yaran ajinta da suke zuwa ba su karya ba, su ne masu kwantar da kai a benci tun ƙarfe tara, su ne in an fita tara suke tsayawa gefe suna kallon masu saye. Ku karɓi sunayensu a sirrance, ku yi magana da mai kunu da ƙosai ta bakin makaranta ku riƙa biyanta duk ƙarshen wata, yaro ya je ya karɓa kamar kowa ba tare da an san ba da kuɗinsa ya saya ba.

Wannan sirrin shi ne abin da nake roƙonku da babbar murya. Ku daina cewa marayu su fito gaba. Wallahi duk ranar da aka yi haka a filin taro zuciyata ƙuna take, yaro yana tsaye riƙe da jaka ana ce masa ɗaga sama a ɗauka, yi dariya, gobe kuma abokansa suna tsokanarsa da jakar sadaka, wani daga ranar ba zai sake rataya ta ba. Hotonsa kuma yana yawo a intanet har ya girma, ba a tambayi uwarsa ba. Kun fi ni sanin cewa Alƙur'ani ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma hadisi ya ce cikin waɗanda za su samu inuwa ranar da babu inuwa akwai wanda ya ɓoye sadakarsa har hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. Na san kuna buƙatar shaida don masu ba da gudummawa su ga inda kuɗinsu ya tafi, to ku ɗauki hoton kayan, ku ɗauki risit, ku sa a gurup ɗinku na WhatsApp tare da lissafin shiga da fita, wannan ya fi fuskar maraya gamsar da mai hankali. Littafin da aka buga hoton ɗan takara a bangonsa kuwa, wanda yake yawaita duk lokacin da zaɓe ya matso, ku yi haƙuri ku bar shi a ofishin kamfe.

Wani zai ce to duk wannan ba aikin gwamnati ba ne? Nata ne mana. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne, ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, jiha kuma sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, aikin ya biyo ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Don haka gina azuzuwa da ɗaukar malamai da sayen benci ba nauyinku ba ne, kada ku ƙarar da ɗan abin da kuke da shi wajen gina aji ɗaya alhali kuna da abin da ya fi kuɗi. A cikinku akwai lauyoyi, akwai 'yan jarida, akwai manyan ma'aikata da suka yi ritaya waɗanda in suka ɗaga waya ana ɗauka. Mu malamai in muka yi ƙorafi a rubuce ana iya tura mu ƙauye, ku ba wanda zai tura ku ko'ina. Kowace makaranta ana so ta kasance da kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, wanda ya haɗa mai unguwa da hedimasta da iyaye da malaman addini da wakilan tsofaffin ɗalibai da mata, a wurare da yawa sunan ne kawai a takarda ba a taɓa zama ba. Ku shiga ku zauna a kujerar, ku ƙirga yara nawa ne a aji, malamai nawa ne, rufi nawa ne yake yoyo, ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da SUBEB da sa hannunku, bayan wata ɗaya ku koma ku tambaya ina aka kwana, ku sake komawa.

Akwai kuma abin da ba na jin daɗin faɗa amma dole. Tun rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, garin nan ya rabu, kowa ya koma cikin nasa, makarantu ma suka bi sahu. Ku da kuka yi karatu kafin nan kun zauna benci ɗaya da Birom da Afizere da Anaguta da Ibo da Yarbawa, har yau wasunku kuna zumunci kuna zuwa bikin juna. Yaran da nake koyarwa yanzu akwai wanda bai taɓa yin magana da yaron da ba addininsu ɗaya ba, abin da ya sani game da su a bakin 'yan zaman majalisa ya ji. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ku ne kaɗai kuka rage da mambobi ta kowane ɓangare, ku ne za ku iya haɗa makarantar wannan unguwa da ta waccan a yi kacici-kacici ko muhawara ko ƙwallo ba tare da iyaye sun tsorata ba. Garin da ya fitar da Ahmed Musa da Mikel Obi, garin Mighty Jets da Plateau United da ta lashe gasar lig ta ƙasa a 2017, ai ƙwallo ba sai an roƙi yaro ba. Ko ku cika mota biyu da yaran makarantu biyu ku kai su gidan tarihi, wanda yake nan tun 1952 amma yawancin 'yan ajina ba su taɓa shiga ba, a zaunar da su a cakuɗe a ci abinci tare.

Yara maza na ƙaramar sakandare kuma su ne 'yan sara-suka suke zawarci. An hana maganin tari mai kodin tun Mayun 2018 amma ƙwaya ba ta ƙare ba, taramol da sholisho da wiwi suna nan, kuma wanda yake ba yaro na farko yawanci yayan unguwa ne da yake saya masa abinci yana kiransa ƙanena. Lacca ɗaya a shekara da jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi NDLEA ba za ta ture wannan ba. Abin da zai ture shi wani babban ne da shi ma zai kira yaron ƙanena, ya san sunansa, ya tambayi sakamakonsa, ranar Asabar ya zaunar da shi a shagonsa na ɗinki ko gyaran waya ko kayan mota a Dilimi ya koya masa abu ya ba shi na kati. Kowane mamba ya ɗauki yaro biyu, ba sai an buɗe asusu ba.

Roƙona dai kowace ƙungiya ta zaɓi makaranta ɗaya, ta gwamnati, wadda take kusa da ita ko wadda mambobinta suka yi, ta ce wannan tamu ce har shekara biyar, ko shugabanci ya canja alƙawarin yana nan a rubuce a littafin mitin. Kada ƙungiya biyar ku taru a makarantar bakin titi don ita ce ake gani, ta cikin lungu ba mai leƙa ta, ku yi magana da juna ku raba. Ku naɗa mutum biyu, mace da namiji, masu zuwa ba tare da sanarwa ba, su shiga aji su zauna a baya su gani. In za ku tambayi me ake buƙata kada ku tsaya a kan hedimasta kaɗai, shi wani lokaci fenti da kujerar ofis zai fara ambata, ku tambayi malamar aji ɗaya da mai gadi da shugabar ɗalibai mata.

In kuma kuna neman inda za ku fara kafin a gama dogon shiri, ku tuna da sanyin Disamba da Janairu. Kun san sanyin Jos, garin da yake sama da mita 1,200, azuzuwanmu da yawa tagoginsu ba marfi, ƙananan yara a kan siminti suke zama, yatsunsu su ƙage su kasa riƙe fensir sai wajen ƙarfe goma, wasu iyayen ma ba sa turo su sai rana ta fito. Dilar suwaita ta gwanjo daga kasuwar Katako, da safa, da tabarmi, da kafinta ɗaya da zai bi tagogin nan ya sa musu marfi, a kawo wa malaman aji su raba a hankali yadda suka san yaransu. A saya tun Oktoba kafin kaya su yi tsada.

Wassalam. Allah ya ƙara buɗi, ya raya mana zuri'a.

Taku,
Malamar aji uku a wata firamaren LEA, Jos ta Arewa